Ƙwai a Baka: Silvano Alves da Rigimar Hawan Maimai a Gasar PBR

A gasar hawan bijimai ta Amurka, wani lokacin mahayi zai cika sakan takwas ɗinsa, ya diro yana kaɗe ƙura daga jikinsa, sai a ga alƙali ya jefo jan ƙyalle cikin fili. Ma'anar ƙyallen ita ce bijimin bai yi tutsu yadda ya kamata ba, ko ya yi tuntuɓe, ko ya bugi ƙofa wajen fitowa, don haka an ba mahayin zaɓi. Ko ya riƙe ɗan makin da ya samu, ko ya yafe shi a kawo masa wani bijimin ya sake hawa. In ya zaɓi hawan maimai kuma aka kayar da shi, ya tashi a tutar babu, don makin farko ya riga ya tafi.

Shekara da shekaru mahayan Amurka sun ɗauki wannan zaɓi a matsayin abin da ba ya buƙatar tunani. Namiji ya karɓi maimai, shi ke nan. Sai ga wani saurayi ɗan Brazil, Silvano Alves, wanda in an jefo masa ƙyalle yakan girgiza kai kawai ya tattara igiyarsa ya fice. Da wannan girgiza kai ya ci kambun duniya sau uku cikin shekara huɗu, har ta kai hukumar gasar ta sake tsarin lissafin maki gaba ɗaya. Har gobe masu kallon wasan ba su daina musu a kan ko an yi masa adalci ba.

Kada mai karatu ya haɗa wannan wasa da hawan ƙaho na mahautanmu, inda gwani ke tarar sa ta gaba ya rungumi ƙahonsa. A can gadon baya ake hawa. Ana shigar da bijimi mai nauyin kilo 700 zuwa 900 cikin wani matsattsen keji na ƙarfe, mahayi ya sauko masa ta sama, a zagaya igiya a ƙirjin dabbar, ya cusa hannu ɗaya cikin madaukin igiyar ya naɗe ragowar a tafinsa. In ya gyara zama sai ya gyaɗa kai, a buɗe ƙofa. Daga nan dole ya yi sakan takwas hannunsa na cikin igiya, ɗaya hannun kuma a sama. Ya taɓa bijimin ko jikinsa da hannun nan, hawa ya lalace. Maki ɗari ne gaba ɗaya, hamsin na mahayi, hamsin na bijimi. Wannan rabon shi ne tushen duk rigimar, domin komai gwanintar mutum, in ya faɗa kan ragon sa, makinsa ba zai yi tsawo ba. Hawan da ya kai 90 shi ne abin tashi tsaye a yi ihu. Na 85 hawa ne mai kyau. Na 70 kuwa alama ce cewa dabbar ba ta tashi da aiki ba a ranar.

Hukumar da ke shirya babbar gasar, Professional Bull Riders ko PBR a taƙaice, mahaya ne suka kafa ta da kansu a 1992, su ashirin, kowa ya zuba dala dubu ɗaya. Tun daga 2003 wanda ya ci kambun duniya yana tafiya da ƙarin dala miliyan ɗaya. 'Yan Brazil kuma ba baƙi ba ne a cikinta. Zakaran farko ma, a 1994, nasu ne, wato Adriano Moraes, wanda ya sake ci a 2001 da 2006. Guilherme Marchi ya ci a 2008, Renato Nunes a 2010. Ƙasarsu tana da tsohuwar al'adar wannan wasa, kuma bikin makiyaya na Barretos da ke jihar São Paulo yana gudana tun 1956.

Alves mutumin Pilar do Sul ne, a jihar ta São Paulo, an haife shi a 1987. Ya shigo babbar gasar a 2010 ya zama gwarzon sabbin shiga. A 2011 ya ci kambu, a 2012 ya sake ci, abin da ba a taɓa yi a jere ba a tarihin PBR. Mutum ne marar hayaniya, Turancinsa kaɗan ne a lokacin, yawanci ta bakin tafinta yake magana da 'yan jarida. A kan bijimi ma haka yake, a natse, ba ya yawan wasa da ƙafa don burge alƙalai, sai dai faɗuwarsa tana da wuya.

Tsarin lissafin wancan zamani shi ya ba salonsa riba. Duk makin da mahayi ya samu a kowane hawa ana zuba masa shi cikin jimillar shekara, sannan a ƙara masa na matsayin da ya zo a zagaye da kuma a gasar mako. Wato wanda ya tara hawa masu yawa, ko da ba masu ƙayatarwa ba ne, zai yi ta hauhawa a teburi. Bari mu ɗauki misali don a ga lissafin ƙarara. An ba ka maki 70 tare da jan ƙyalle. A ce kai gwani ne da ke tsira a kan bijimai shida cikin goma, kuma in ka tsira kana samun 86. In ka riƙa karɓar maimai, abin da za ka tashi da shi a kowane karo, in an raba, bai wuce 52 ba. Ga 70 a hannunka. Gaskiya ne makin matsayi yana rage wannan tazara, kuma akwai ranar da caca za ta biya, amma a tsawon kaka mai gasa sama da ashirin, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Alves bai ƙirƙiro wannan lissafi ba. A rubuce yake cikin dokar, kowa na iya karantawa.

Akwai kuma lissafin jiki, wanda masu zama a kujera suka fi saurin mantawa. Kowane hawa wata sabuwar dama ce ta karaya, ko ta buguwar kai, ko ta tsagewar tsokar cinya. Mutumin da ya riga ya yi aikinsa cikakke, bijimi ne ya gaza, shi ake cewa ya ajiye ladansa ya sake shimfiɗa ransa. Ni a nan na fi ganin tambayar adalci ta gaskiya, kuma ba a cika yin ta ba. Hukuma ce ke zaɓo dabbobin, masu kiwo ake biya su kawo su, amma in dabba ta yi lalaci mahayi ke ɗaukar asarar. Hawan maimai an yi shi ne don a gyara masa rashin sa'a, sai dai gyaran ya zo da sharaɗin ya fara zubar da abin da ke hannunsa. Dokar da kanta ta kira shi zaɓi. To in zaɓi ne, me ya sa amsa ɗaya kaɗai ake yarda da ita?

Wuri na biyu da aka zarge shi shi ne zaɓen bijimi. A zagayen ƙarshe na gasar mako, mahayan da suka fi maki sukan zaɓi dabbar da za su hau bi da bi, na sama ya fara. Alves yakan ɗauki wanda ya san ya dace da hannunsa, wanda zai iya cika sakan takwas a kansa, ya bar dodannin ga mai so. Masu sharhi a talabijin, waɗanda galibinsu tsofaffin mahayan Amurka ne irin su Ty Murray, ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba. A ganinsu zakaran duniya shi ne mai neman cin kowane zagaye, mai neman bijimin da kowa ke gudu, kuma ƙin maimai ya saɓa wa ɗabi'ar kaboyi.

Bai kamata a yi watsi da wannan magana ba. Wasa ba lissafi kaɗai ba ne, kuma mutanen da suka sayi tikiti sun zo ganin bajinta. Mahayan da suka gina gasar da ƙasusuwansu suna da haƙƙin faɗin irin zakaran da suke so ta haifar. Inda maganar ta karkace shi ne lokacin da ta bar tsarin lissafi ta koma kan zuciyar mutum, ana nuni da cewa tsoro ne. Wanda ke hawa kan dabba mai kilo 800 kusan sau ɗari a shekara, da wuya a ce masa matsoraci a tsaya a kan maganar.

Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne samun kishiya wanda ya cika duk siffofin da ake so. J.B. Mauney ɗan Mooresville ne a jihar North Carolina, sa'an Alves, shi ma haihuwar 1987. In an ba shi zaɓi, kai tsaye yake nuna bijimin da ya fi mugunta. A zamanin nan kuwa babu kamar Bushwacker, jan bijimin Julio Moreno, wanda ya kayar da mahaya 42 a jere a babbar gasar. Bijimi ne da ke ɗaga ƙafafun baya har sai jikinsa ya kusa miƙewa tsaye, kansa a ƙasa, ya fizgo mahayi ta gaba, kuma ba ya maimaita salo ɗaya sau biyu. Mauney ya yi ta zaɓarsa yana shan ƙasa. A watan Agustan 2013, a birnin Tulsa, ya sake zaɓarsa, ya yi sakan takwas, aka ba shi 95.25. Wanda ya kalli hoton bidiyon zai ga ƙarshen hawan ba wani tsari a cikinsa, ya zame gefe yana lilo, taurin kai kawai ya riƙe shi har aka busa. Sau 13 suka haɗu da wannan bijimi a rayuwarsu, sau ɗayan nan kaɗai ya ci.

A tsakiyar wannan kaka Mauney yana bayan Alves da maki sama da 3,000. Daga Tulsa ya kama wuta, ya yi ta cin gasa, ya je wasan ƙarshe na Las Vegas ya hau bijimai shida bai faɗi ko sau ɗaya ba, ya ƙwace kambun 2013. Alves ya zo na biyu. Masu suka suka ce to ga shi nan, da ya karɓi maimai a wurare kaza da kaza da bai rasa ba. Mai yiwuwa. Amma wanda zai yi wannan lissafi sai ya haɗa da makin da zai zubar a ranakun da za a kayar da shi, kuma ba kasafai ake haɗawa ba. Wani abin lura kuma, wannan tsohon tsarin da ake cewa yana fifita mai taka-tsantsan, a ƙarƙashinsa Mauney ya ci. Ashe tsarin bai rufe wa jarumi ƙofa ba, sai dai yana neman jarumin ya daina faɗuwa.

Shekarar 2014 ita ta fi wahalar da masu suka. Alves ya shiga wasan ƙarshe ba shi ne kan gaba ba, ɗan ƙasarsu João Ricardo Vieira ke jan teburi. Alves ya hau bijimai shida ya tsira a shida. Na ƙarshensu Asteroid ne, zakaran bijimai na 2012, wanda ya jera kayar da mahaya 30. Alves ya zauna masa daram, ya samu 87.25, ya ɗauki gasar ta Las Vegas da kambun duniya na uku, ya kamo Moraes. Mutumin da aka ce yana gudun dodanni ya rufe kakarsa a kan ɗaya daga cikin manyansu biyu. Magoya bayansa da yawa sun ga makin ya yi kaɗan in aka dubi irin bijimin, kuma wannan ya shiga cikin wani tsohon ƙorafi nasu, cewa alƙalai suna matse hannu in ɗan Brazil ne a sama, kuma an fi gaggauta musu a cikin keji in suna gyara igiya. Maki a wannan wasa ganin ido ne na alƙali, babu ma'aunin da zai raba gardama, shi ya sa irin wannan zargi ba ya tabbata kuma ba ya mutuwa. Sai dai yana da alaƙa da batun maimai ta wata fuska: mahayin da ke jin ko ya yi hawan kirki ba lallai a ba shi 90 ba, yana da ƙarin dalilin riƙe abin da ya samu.

Kafin a shiga kakar 2015 PBR ta fito da sabon tsari. Makin hawa ya daina shiga jimillar shekara kai tsaye. Abin da aka koma tarawa a lokacin shi ne makin matsayi: sai ka shiga sahun gaba a zagaye, ko a jimillar gasar mako, kafin ka samu abin kirki, kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da sauran an buɗe ta sosai. A ƙarƙashin wannan, maki 70 ba ya kawo komai a zagaye, amfaninsa kawai ya taimaka maka a jimillar mako. Hukumar ta bayyana manufarta da cewa tana so a saka wa mai cin gasa. Ba a rubuta sunan kowa a cikin dokar ba, amma masu bin wasan ba su sha wahalar gane wanda aka yi ɗinkin a kan awonsa ba.

Shin hakan zalunci ne? A nawa ganin, sauya dokar ba zalunci ba ne. An yi shi tsakanin kaka da kaka, an sanar kafin a buɗe ƙofar farko, ya hau kan kowa, kuma ba a taɓa kambun da aka riga aka ci ba. Hukumar da ta ga tsarinta yana biyan abin da ba ta so a yi, gyara shi ne aikinta. Akwai ma gaskiya a cikin gyaran da babu ita a cikin shekarun surutu. Tsawon shekara huɗu doka tana cewa tara hawa, masu lasifika suna cewa yi caca, mahayi kuma yana tsakiya ana zaginsa don ya bi wadda ke biyan dala miliyan. Sabon tsari ya haɗa bakin biyun wuri ɗaya. Sauyin da kansa shaida ne cewa aibin yana cikin takarda tun farko. Da Alves ya karya wata doka, hukunta shi za a yi, ba sai an sake rubuta littafi ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sabon tsarin ya fi tsohon adalci. Wata tambaya daban yake amsawa. Tsohon yana neman wanda ya fi kowa wuyar kayarwa daga Janairu zuwa Oktoba. Sabon yana neman wanda ya fi kowa yawan kaiwa ƙololuwa. Duka biyun ma'auni ne na gwaninta, kuma na biyun ya fi sayuwa a talabijin. Ba laifi ba ne a faɗi cewa PBR kasuwanci ce. A watan Afrilun 2015 ma kamfanin nishaɗi na WME-IMG ya saye ta. Sabon tsarin kuma yana da nasa kuɗin da ake biya: ya ƙara wa sa'ar ƙuri'ar rabon bijimai nauyi, tunda wanda ya faɗa kan bijimi matsakaici zai iya yin hawa marar aibi ya tashi ba maki, kuma ya tura samari su ƙara hawa a daren da jikinsu ya riga ya ce ya isa.

Game da ladabin wasa kuwa, a nan ne labarin ya fi ban sha'awa, don rigimar ta fi zafi a bakin 'yan kallo da masu sharhi fiye da bayan keji. Al'adar wannan wasa ce abokin hamayyarka ya ja maka igiya, ya riƙe maka riga kada bijimi ya maka ka da ƙarfe kafin a buɗe, ya gaya maka ta wane gefe dabbar ke juyawa in ya taɓa hawanta. Mahayan suna cewa da bijimi suke karawa. Alves bai yi suna da mayar da martani ba, Mauney kuma bai buƙaci a rage darajar wani kafin tasa ta fito ba. Mauney kansa ya biya kuɗin salonsa har ƙarshe. Ya zama mahayi na farko da ya tara sama da dala miliyan 7, amma da jiki mai cike da karaya, kuma a watan Satumban 2023 wani bijimi mai suna Arctic Assassin ya karya masa wuya a Lewiston ta jihar Idaho, abin da ya kawo ƙarshen hawansa. Daga baya ya ɗauko bijimin ya kai shi gonarsa a Texas yana kiwonsa.

Gwajin da kowa ya so gani, wato Alves mai cikakkiyar lafiya a ƙarƙashin sabon lissafi, bai samu ba. Ya shiga 2015 da zafinsa, har jerin hawansa ba faɗuwa, wanda ya faro tun 2014, ya kai 24, abin da ya zama tarihi a gasar. A watan Afrilu ya karye a ƙugu, aka yi masa aiki, kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba. Mauney ya ci kambun 2015, na biyu gare shi. Masu cewa sabon tsari ne ya gama da Alves da masu cewa raunin ne, kowa yana da abin kamawa.

In kuwa akwai wanda ya yi zaton gyaran zai rage 'yan Brazil, bai rage su ba. Kaique Pacheco ya ci a 2018. José Vitor Leme ya ci a 2020 da 2021, kuma shi ya kafa maki mafi yawa a tarihin gasar, 98.75, a kan bijimi Woopaa a wasan ƙarshe na 2021. Rafael José de Brito ya ci a 2023, Cássio Dias a 2024. Kiɗa ya sauya, suka sauya rawa. Shi kuma Alves, da PBR ta ƙirƙiro gasar ƙungiyoyi a 2022, yana cikin Nashville Stampede da ta ɗauki kofin farko, a ƙarƙashin koci Justin McBride, zakaran 2005 da 2007, ɗaya daga cikin tsofaffin mahayan Amurka da ke zaune a kujerar sharhi a shekarun da ake ta wannan gardama.